Ƙamus ko ɗan littafin hira: ga mai shirin karatu a Romaniya

Ƙanena, tsakanin ɗan littafin hirar Turanci da Romaniyanci da babban ƙamus ɗin da ka tambaya a kai, ƙamus za ka saya.

Duka biyun na saya da na isa birnin Iași shekarar koyon harshe, wadda suke kira an pregătitor. Littafin hirar ya koya mini tambayar hanyar tasha da kuɗin burodi. Iyakacinsa ke nan, kuma har yau ina jin zafin kuɗina.

Shi kuwa ƙamus, a wani anticariat na tsince shi, wato shagon tsofaffin littattafai. Bangonsa ya sha salatif, wanda ya riƙe shi kafin ni ya cika gefen shafuka da rubutun fensir. Kusa da kalmar "take" ya rubuta "a da examen" da Romaniyanci, ya ja layi biyu a ƙasa. Sai da na kwana a kan shafin nan na gane dalilinsa. Bature in ya ce "take an exam", zaman jarrabawa kawai yake nufi. Ɗan Romaniya kuwa in ya ce "a lua examenul", wanda a zahiri ɗaukar jarrabawa ne, to cinta aka yi. Zaman shi ne "a da examen", a takardun ofis kuma "a susține". Faɗuwa "a pica" ce, kuma asalin ma'anarta faɗuwar ce dai, kamar yadda muke cewa wane ya faɗi jarrabawa. Ranar da na ga haka sai na ji kamar na gamu da ɗan garinmu cikin sanyin nan. Allah ya saka wa mai fensirin nan da alheri, ko'ina yake.

Sai kalmomin gwaji da maki. "Individual assessment", wato auna kowane ɗalibi shi kaɗai, evaluare individuală ne, wannan ba ya ba kowa wahala. Rassansa ne ke kayar da mutane. Abin da muke ce wa C.A. a gida su evaluare pe parcurs suke cewa, kuma kowane darasi yana da takarda, fișa disciplinei, mai faɗin kason da yake ci a makin ƙarshe. Ka nemi takardar nan tun makon farko. Colocviu kuma kada kamanninsa da "colloquium" ya ruɗe ka ka ɗauka taron tattaunawa ne, gwaji ne na ƙarshen zango, sakamakonsa yana shiga takardunka. Notă maki ne, ba rubutun aji ba, daga 1 zuwa 10, kuma 5 ne mafi ƙarancin ci. In an gaza haka darasin ya zama restanță, kariyoba ke nan, sai a sake zama.

Gaskiya ba duk waɗannan ne tsohon ƙamus zai warware maka ba. Ka haɗa shi da dexonline, ƙamus ne na intanet, kyauta ne a waya, yana bayanin kalma da Romaniyancin kansa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallan "jerin kalmomin jarrabawa" a zaurukan WhatsApp na sababbin ɗalibai. Na taɓa biya, aka turo mini fassarar inji, an fassara "take an exam" da "a lua". In ka ga rubutun Romaniyanci babu haruffansu na musamman, babu ă, babu ș, babu ț, rufe aljihunka. Haka dillalan da ke cewa za su fassara maka takardun makaranta da araha. A can, traducător autorizat ake nema, wato mai fassara mai izinin Ma'aikatar Shari'a, sannan notar, mai tabbatar da takardu a hukumance, ya buga hatimi.

In ka samu ƙamus na hannu, kafin ka biya ka buɗe wajen "take" da "pass", ka tabbata akwai misalan jimloli, kuma shafukan tsakiya ba su zube ba.