Ofishin wata lauya a Agege da ta fito mana da yaronmu beli

Ga 'yan uwa mazauna Legas da ke neman lauyan beli, wannan ofishi da ke kusa da kasuwar Agege ya cancanci yabo. Ɗan yayata, mai dakon tumatir a kasuwar Mile 12, aka kama bayan faɗa a kasuwa.

Abin da ya fi burge ni, Barista ba ta yi mana alkawarin banza ba. Ta ce: "Alhaji, majistare na da ikon ba da beli a laifi irin wannan. Amma da kisan kai ne ko fashi da makami, sai Babbar Kotu. Majistare zai tura mutum gidan gyaran hali ne kawai, a jira shawarar daraktan shigar da ƙara na jiha." Ta kuma tunatar da 'yan sanda sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999, cewa a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24 idan akwai kotu kusa.

Inda mutanenmu ke shan wuya shi ne samun mai tsaya wa wanda za a ba beli. Kotu ta nemi mutum biyu masu adireshin da za a iya tabbatarwa, da kuma takardar biyan haraji, abin da ɗan cirani ba ya da shi. Ita ta zauna da mu har muka samu, yaron bai kwana gidan gyaran hali na Kirikiri ba.

Kuɗinta da ɗan tsada, kuma ba ta jin Hausa sosai, sai ka tafi da tafinta.