Na'urar wanke iska a gidan kaji: mai asid ko mai bakteriya?

Malam, ka ce wacce za ka ɗaura a bayan fankokin ɗakin kajin namanka don rage amoniya, iskar nan mai yaji da ke tashi daga kashin kaji, mai asid ko mai bakteriya. Ɗauki mai asid, hankalinka kwance. Duka biyun sun bi ta hannuna.

Mai asid ce nake tare da ita yanzu. Iskar da fanka ke fitarwa tana ratsa wani bango na roba mai ramuka kamar saƙar zuma, famfo kuma yana ta yayyafa masa ruwa mai salfiyurik asid, irin asid ɗin ruwan batir. Amoniya na taɓa ruwan nan sai ta kamu, ta koma amoniyam salfet. Muddin ma'aunin pH, mai nuna ƙarfin asid a ruwan, yana ƙasa da 4, tana kwashe sama da kashi 90 cikin 100. Har gobe ina tuna safiyar da na zagaya bayan ɗakin, kaji suna mako na biyar, lokacin da kashi ya fi tashi. A da in ka tsaya a wurin, hawaye ne zai fara zubo maka, maƙogwaro ya kama ƙaiƙayi. Ran nan na tsaya har na gama amsa waya, iska mai ɗan sanyi da laima tana bugun fuskata. Na ƙwala wa yaron da ke kula da kajin kira, ya zo ya ja numfashi sau biyu, ya dube ni yana murmushi. Ruwan da take zubarwa ma ba asara ba ne, taki ne mai naitirojin da salfa. A tanki nake tara shi, in lokaci ya yi a kai gona.

Amma fa tana da ɗawainiya. Asid ba abin wasa ba ne: safar hannu, tabarau, da ɗaki mai makulli, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Wutar lantarki za ta ƙaru, don fankoki sai sun ƙara ƙarfi kafin su tura iska ta cikin bangon. Sannan amoniya daban, wari daban. Warin kaɗan take ragewa, kada ka yi wa maƙwabta alkawarin da ba za ta cika ba.

Mai bakteriya kuwa, ita na fara saya, ita ce kuma na yi da-na-sani. In ba ta haƙƙinta, ba ta buƙatar asid, kuma a ɗakin da dabbobi ba sa yankewa tana iya cire wajen kashi 70. Sai dai ƙwayoyin bakteriyar da ke cikinta, waɗanda ke mayar da amoniya naitirait, sannan naitiret, sinadaran da ke narkewa a ruwa, masu rai ne, sai da ci, amoniyar ce kuma abincinsu. Kajin nama kuwa mako shida ka kwashe su, ɗaki ya zauna wayam, ƙwayoyin su yi laushi, kafin su farfaɗo sabbin kaji sun yi nisa. Ga ruwan da take zubarwa, ninkin-ba-ninkin na mai asid.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wanda ya sayar mini da ta farko bai ko tambayi yawan iskar da fankokina ke fitarwa a tsakiyar zafi ba, ya ba ni ƙarama, ya yi gaba. Ka sa a auna ta da lokacin da duk fankoki ke gudu gaba ɗaya. Ka nemi takardar gwaji daga wata hukuma mai zaman kanta, irin DLG ta Jamus ko tsarin VERA da Holan da Denmak da Jamus suka kafa, kuma gwajin ya zama na gidan kaji, ba na aladu ba, domin ƙurar kaji da burbushin gashi su ke toshe bangon. In babu matakin wanke ƙura a gaba, bar masa kayansa. Wanda ya ce zai ɗaura maka a ɗaki mai buɗaɗɗen gefe, kuɗinka kawai yake so, don sai rufaffen ɗaki mai fanka take aiki.

Ƙaryar da ta fi ɓata mini rai ita ce wai na'urar za ta gyara numfashin kaji. Iskar da ta riga ta fita take wankewa. Ta cikin ɗaki tana hannunka: busasshiyar shimfiɗa, da mashayar da ba ta yoyo. Dokar Tarayyar Turai ta 2007 ta ce a ɗakin da aka cika kajin nama kada amoniya ta wuce 20 ppm, wato kashi 20 cikin miliyan na iska, a daidai tsayin kan kaza, ni ma da shi nake auna nawa.

Kafin kuɗinka ya bar hannunka, a rubuta maka wanda zai riƙa zuwa daidaita ma'aunin pH, da inda za ka samu wani in ya lalace. In ma'aunin nan ya fara ƙarya, ruwa kawai kake watsawa.