Makaman Kuman a wasannin kwamfuta: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kuman makiyaya ne masu harshe na dangin Turkanci, waɗanda suka mallaki filayen ciyawa na arewacin Bahar Aswad daga ƙarni na 11 zuwa na 13. Marubutan Musulmi sun san su da sunan Kifcak, kuma daga cikinsu Sarkin Masar Baibars ya fito. Mongol sun karya su a yaƙin kogin Kalka a 1223, sannan a 1239 shugabansu Kotan ya shiga Hungari da jama'arsa, Sarki Bela na huɗu ya ba su masauki. Duk mai son sayen wasa saboda su, ya kamata ya riƙe waɗannan shekarun, domin da su ake gane wasan da ya yi gaskiya da wanda ya yi kwaskwarima.

Abin da aka sani game da makamansu ya fito ne daga kaburburan da aka tone a Yukren da Hungari, da gumakan dutse da suka kakkafa a filayensu, waɗanda ake ganin kwari da gidan baka da takobi sassaƙe a jikinsu. Babban makamin shi ne gajeren baka da ake haɗawa da itace da ƙaho da jijiya, wanda ake harbawa daga kan doki yana gudu. Sai dogon takobi mai ɗan lanƙwasa, da mashi, da kulki mai kan ƙarfe. Masu hali suna sa sulke ko rigar faya-fayan ƙarfe da aka ɗinke da tsinkin fata. Dabararsu kuwa ita ce su yi kamar sun gudu, abokin gaba ya biyo su a warwatse, su juyo masa da ruwan kibau, kamar yadda suka yi wa mayaƙan Salibiyya a Adiriyanofil a 1205.

Ba zan ɓoye ba, zaɓina shi ne Kingdom Come: Deliverance, wanda kamfanin Warhorse na birnin Prag ya fitar a 2018. Labarinsa ya faru ne a Bohemiya, cikin ƙasar Czech ta yau, a 1403, lokacin da Sarki Sigismund na Hungari ya shigo da rundunar da ta ƙunshi Kuman, aka ƙone garin Skalitz mai ma'adinin azurfa. Abin da ya ɗaga shi sama da saura shi ne, a cikinsa makami yana aiki ne bisa ga abin da ya tarar a jikin mutum. Idan ka sari mai sulke da takobi mai lanƙwasa, kusan ɓarnar ƙarfi ka yi, amma kulki yana isar da saƙo ko ta cikin ƙarfe. Ana sa kayan yaƙi ɗaya bisa ɗaya, rigar auduga mai kauri daga ciki, sulke a kanta, faya-fayai daga waje, kuma nauyinsu yana cin ƙarfin mai su. Harbin baka ba shi da alamar saiti a allo, hannun ɗan wasa yana rawa har sai ya ƙware, kuma wanda ya ja tsirkiya ya daɗe bai saki ba zai gaji. Kana iya ɗaukar takobin Bakumane da ka kayar, in ya dakushe ka kai shi dutsen washi. Wannan kusanci da makami babu wani wasa a cikin waɗanda zan ambata da ya ba da shi.

Duk da haka akwai abubuwa biyu da mai saye ya kamata ya sani. Na farko shi ne kwalkwali mai fuskar mutum, mai gashin baki na ƙarfe, wanda ya zama tambarin Kuman a wasan. Irinsa na gaske an tono su a Kovali da Lipovets a Yukren, sun girmi 1403 nesa ba kusa ba, kuma masana da yawa suna danganta su da wasu makiyayan daban da suka yi wa sarakunan Kiyef aikin soja. Kuman na zamanin Sigismund sun shekara fiye da 160 a Hungari, kaburburan manyansu da aka samu a can, irin na Csengele, sulke da kwalkwali marar fuska suka nuna. Na biyu ya fi damuna: yawancin Kuman da za ka gamu da su a ƙasa suke faɗa, a sansanoninsu na cikin kurmi, alhali Bakumane ba doki kamar kifi ne a tudu. Na yafe wa wasan wannan ne kawai saboda abin da ya gyara a wasu wurare ya fi abin da ya ɓata. Kashi na biyu na wasan, wanda ya fito a Fabrairun 2025, ya fi kyan gani, amma yana neman na'ura mai ƙarfi da wurin ajiya kusan gigabait 100, don haka wanda kwamfutarsa ba ta kai ba ya fara da na farko.

Age of Empires II: Definitive Edition na 2019 ya mayar da su kan doki, kuma yana da jerin yaƙe-yaƙen Kotan, sai dai maharbinsa yana sakin kibau da yawa a harbi guda, kuma daga sama kake kallonsa kamar tururuwa, ba za ka bambance sulke da riga ba. Crusader Kings III wasan sarauta da auratayya ne, makami a cikinsa lamba ce kawai. Mount & Blade II: Bannerlord ya iya harbi a kan doki, amma mutanensa Khuzait ƙagaggu ne a ƙagaggiyar duniya, ba a auna su da ma'aunin tarihi.

Inda aka fi yin asara kuwa ba a zaɓin wasa ba ne, a wurin saye ne, kuma ni ganau ne. Na taɓa sayen abin da mai shi ya kira asusu mai ɗauke da wasan a farashi mai rahusa, daga wani da na haɗu da shi a zauren WhatsApp. Na kwana uku ina saukewa da datar da na saya da gumina, na fara wasa, ban cika mako ba aka canza lambar sirri, mutumin kuma ya toshe ni. Asusun da wani ya buɗe ba naka ba ne ko nawa ka biya, domin mai adireshin imel ɗin asali yana iya karɓe shi duk ranar da ya ga dama, kuma sau da yawa mutum goma aka sayar wa abu ɗaya. Haka ma lambobin kunna wasa masu arha fiye da hankali, wasu an saye su ne da katin banki na sata, ana iya soke su bayan ka shiga.

Kingdom Come ba shi da nau'in wayar Android. Duk fayil ɗin da aka tura maka da sunan haka, ko talla ce za ta cika maka waya, ko manhajar satar bayanai. Masu ɗora wasa a faifai ko filas a kasuwa kuma galibi tsohon nau'i suke bayarwa, na farkon fitowa mai cike da matsaloli, ba tare da gyare-gyaren da suka biyo baya ba. Ka kuma yi hattara da hotunan talla, domin wasu an ɗauke su ne bayan an saka ƙarin kayan da 'yan wasa suka ƙera da kansu, sai ka saya ka tarar da Kuman ɗinka ba su yi kama da na hoton ba.

Ka saya da asusunka na kanka a Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, ko shagon PlayStation ko na Xbox, ka nemi Royal Edition domin ya haɗa da ƙarin sassan wasan, ka jira lokacin rangwame tunda ana yawan karya farashinsa. A Steam kana da damar neman a mayar maka da kuɗinka cikin kwana 14 muddin ba ka wuce awa 2 kana wasa ba, kuma harin Skalitz yana kusa da farkon labarin, don haka kada ka ɓata lokaci kana yawo a gari idan kana son ganin Kuman da idonka kafin wa'adin ya cika.