Gansakukar balan-balan: ƙaguwa ko hannu?

Ɗan uwa da ka tambaya ko ka sayi koriyar ƙaguwar nan emerald ne ko kuwa ka cire gansakukar balan-balan ɗin da ta fara feso maka a duwatsun tankin ruwan gishirin da kake kiwon kifi da murjani da hannu, to ga yadda nake ganin abin.

Sunan gansakukar Valonia, kuma kowane ƙwallo da kake gani ƙwayar halitta ɗaya ce tak komai girmansa, wani har yakan kai santimita 5, in ya fashe abin da ke ciki na iya tsirowa duk inda ruwa ya kai shi. Ba ruwanta da ƙarancin haske, don haka kashe fitila na kwanaki ba zai kashe ta ba, murjaninka ne kawai zai sha wahala.

Cirewa da hannu akwai gajiya gaskiya amma kai ke da iko da aikin. In dutsen zai ɗagu ka fito da shi waje ka sa a bokiti da ruwan tankin, ka kama ƙwallon daga gindi ka murɗa a hankali har ya saki, ka ɗauraye sannan ka mayar, ruwan bokitin kuma ka zubar. In ba zai ɗagu ba sai ka kashe famfuna ka riƙe tiyo yana zuƙa daidai wurin, ko ya fashe ma tiyon ya janye komai. Ranar canjin ruwa ta fi dacewa da wannan. Matsalar hannu ita ce ƙananan da suka maƙale cikin ramuka da tsakanin rassan murjani, yatsa ba ya kaiwa can kuma daga can suke sake dawowa.

Nan ne ƙaguwa take da amfani, tana shiga lungun da ba ka gani da dare tana tsinke ƙananan. Amma fa sa'a ce, wata za ta ci wata ko kallo ba za ta yi ba musamman in tana samun ragowar abincin kifi, manyan ƙwallaye kuma sau da yawa sun fi ƙarfinta. In ta girma yunwa ta kama ta tana iya taɓa murjani, don haka ka sa mata ido. Wasu na kawo kifin foxface, yana ci kam amma yana kai santimita 20 ko fiye kuma ƙayarsa na da dafi, ƙaramin tanki bai dace da shi ba sam.

Ni a wurinka tunda yanzu gansakukar ta fara, da hannu zan soma yau ɗin nan kafin ta bazu, ƙaguwa ɗaya ta biyo baya ta share ragowar. Ka auna fosfet ma, wato sinadarin cikin ruwa da ke ciyar da gansakuka, ka riƙe shi ƙasa da miligiram 0.1 a kowace lita, ka rage abinci, kuma duk sabon murjanin da za ka sa ka duba gindinsa da kyau don ta nan ta fi shigowa.