Obin ɗin walda da ake ɗorawa kan wuta: abin da ya iya da inda yake gazawa

Duk mai gashin kek ko gireba a Sakkwato ta san ba a jingina da wutar lantarki idan kwaɓi ya riga ya shiga gwangwani. Wannan ne ya sa obin ɗin ƙarfe da masu walda ke haɗawa, wanda ake ɗorawa kan gas ko kan garwashi, ya shiga gidaje da yawa. Ana samunsa wajen masu kayan kicin a kasuwa, ana kuma iya ba mai walda aikin ya ƙera daidai girman da ake so. A ganinmu ya ci kuɗinsa ga uwargida da mai ƙaramar sana'a, amma da sharaɗi biyu: a zaɓi mai kaurin ƙarfe, a kuma koyi sarrafa wutar ƙasa. In ɗaya ya ɓace, fulawa da ƙwai ne za su yi ta tafiya a banza.

Akwati ne mai ƙofa a gaba, wasu da ɗan gilashi, cikinsa da hawa biyu ko uku na raga. A ƙasa akwai faifan ƙarfe da ke tare harshen wuta ya watsa zafin. Wannan faifan shi ne ran obin ɗin, shi za ki fara dubawa kafin ki tambayi kuɗi. Ki danna shi da babban yatsa. In ya lotsa ya dawo da ƙara, ki ajiye, domin siririn faife yana yin ja a tsakiya cikin 'yan mintoci, ya ƙona gindin kek alhali samansa na nan ɗanye. Ki ƙwanƙwasa jikin ma. Mai bango biyu, wanda aka cusa wa audugar tare zafi a tsakani, ƙararsa a dushe take kuma yana da nauyi. Ya fi tsada, amma araha ba ta ado: mai bango ɗaya yana zubar da zafi ta kowane gefe, gas ɗin da zai ci cikin 'yan watanni ya fi rarar da kika samu wajen saye.

Sai ƙofa. Ki rufe ta da takarda a tsakani ki ja. In takardar ta zare ba tare da turjiya ba, zafi ma haka zai zare, gefen da ke kusa da ƙofa ya riƙa fitowa fari. Abu biyu kuma ba ma sassauci a kansu. Kada ki karɓi obin da aka yi wa fenti a ciki, ko wanda aka yi faifan ƙasansa da kwanon rufi mai shafin tutiya, domin idan wuta ta ci shi yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Ki kuma tambaya ko ƙarfen daga tsohon duro aka yanko shi da abin da duron ya taɓa ɗauka. Ko wane iri kika saya, ki fara ɗora shi babu komai a ciki, a tsakar gida, wuta mai ƙarfi, ƙofa a ɗan buɗe, na kamar awa ɗaya, har warin mai da na walda ya fita. Ya huce, ki wanke ragar, ki shafa mata man gyaɗa kaɗan.

Babban aibinsa shi ne zafinsa duk daga ƙasa yake zuwa. Obin ɗin lantarki yana da wuta sama da ƙasa da na'urar da ke tsayar da zafi inda aka saita, shi kuwa wannan hannunki ne na'urar. Gyaran da ya fi aiki shi ne a zuba busasshen yashi mai tsabta, ko gishiri, a faranti na ƙarfe, zubin ya kai kaurin santimita 2, a ɗora kan faifan ƙasa, a bar sarari ta gefe-gefe don iska mai zafi ta hau. Yashin yana shanye zafin ya riƙa sakinsa a hankali. Zai ƙara miki kamar minti 10 wajen ɗumama obin, amma ƙonewar gindi za ta ragu sosai. Kada a toshe hudojin ƙasa da shi, kada kuma a yi amfani da jiƙaƙƙe, tururinsa na sa kek ya yi danƙo.

Agogon zafin da wasu ke maƙalawa a ƙofa zafin bakin ƙofa yake faɗi, ba na inda gwangwani ke zaune ba. Ki sayi ƙaramin ma'aunin zafi na rataye, ki sa shi a ragar tsakiya. Kek yana son digiri 170 zuwa 180, mitfai 180 zuwa 190, burodi 190 zuwa 200. In ba ki da ma'auni, ki barbaɗa cokali ɗaya na fulawa a murfin gwangwani ki sa a tsakiya. Ta yi ruwan zuma cikin minti 5, zafin ya yi wa kek daidai. Ta yi baƙi kafin nan, ki rage wuta ki buɗe ƙofa na ɗan lokaci.

A kan gas ya fi sauƙin sarrafawa: wuta babba na minti 15 don ɗumamawa, sannan a mayar da ita ƙasa-ƙasa kafin a sa kwaɓi. A nan muna roƙon kowace 'yar'uwa ta ji wannan da kyau. Kada a ɗora obin ɗin kan ƙaramar tukunyar gas mai murhu a kanta. Faɗin gindinsa yana mayar da zafi ƙasa, kan bakin tukunyar da robar da ke riƙe gas, ga shi kuma bai zama daram, ɗan ture kaɗan ya isa ya kife. Murhun tebur mai tiyo ake so, tukunya can gefe, tiyon kuma kada ya taɓa jikin obin.

A kan gawayi ya fi arha, kuma a nan ne ma ake iya gyara masa aibinsa. Ki jira gawayin ya ruru har farar toka ta lulluɓe shi, hayaƙi ya ƙare. Ki baza garwashin a kurfoti ya koma gefe-gefe, tsakiya ba komai, sannan ki kwashi kamar kashi ɗaya cikin uku ki baza a saman obin idan samansa shimfiɗaɗɗe ne mai bango ɗaya. Wutar saman nan ita ke ba mitfai da burodi jan nan mai kyau. Sai dai garwashi yana raguwa, don haka duk gashin da zai wuce minti 30 yana bukatar wani rurarren a ajiye gefe. Baƙin gawayi ba a ƙara shi ana tsakiyar gashi, warinsa zai kama kek. Kuma ba a gashi da gawayi a rufaffen ɗaki ko da sanyin hunturu ya matsa, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Ga kwaɓin da ya dace a gwada sabon obin da shi: bota giram 250, sukari giram 200, ƙwai 4, fulawa giram 250, bekin hoda ƙaramin cokali 2. Da ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, fulawar ta kai kamar gwangwani 3 a shafe, sukarin ɗaya da rabi. A buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi, a sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, a tankaɗe fulawa da bekin hoda a juya a hankali har garin ya ɓace, a tsaya nan. Ƙananan gwangwanaye, cike kashi biyu cikin uku, suna nuna cikin minti 18 zuwa 22. Babban gwangwani mai faɗin inci 8 yana ɗaukar minti 40 zuwa 50, kuma ba a buɗe masa ƙofa a minti 25 na farko. Bayan nan a juya shi, gaba ya koma baya, a soka tsinke a tsakiya idan lokaci ya yi.

Yadda kek ɗin ya fito shi zai gaya miki halin obin ɗinki. Gindi baƙi sama fari, yashin ya yi kaɗan ko ragar ta yi ƙasa. Sama ya tsage ya yi tozo, zafi ya yi yawa tun farko, ɓawo ya kafe kafin ciki ya gama tashi. Tsakiya ya lotsa, an buɗe ƙofa da wuri ko bekin hoda ya yi yawa. Ya fito da nauyi da maiƙo, to wannan sau da yawa ba laifin obin ba ne, zafin garinmu ne. Daga Maris zuwa Mayu rana tana wuce digiri 40, bota kuwa in ta narke ba ta riƙe iska komai bugu. Ki yi kwaɓi da sassafe, ko ki ɗora kwanon cikin wani mai ruwan ƙanƙara. Kwaɓin yis ma a lokacin yana ninkawa cikin minti 30 zuwa 40, in aka bar shi awa guda sai ya yi tsami ya faɗa. Da hunturu kuma a rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen ƙyalle don kada ya yi ɓawo, a kuma kafa obin inda iska ba ta kaɗa wuta.

Inda ya fi burge mu shi ne ƙananan abubuwa: gireba, ƙananan kek, mitfai, biskit, gasasshen cincin, da ɗumama nama lokacin Sallah. Mai hawa uku yana ɗaukar tire biyu a tashi ɗaya, in dai an sauya musu wuri a rabin lokaci, an kuma bar tazarar yatsa biyu tsakanin tire da bango. Hawan ƙasa na yashi ne, ba na gashi ba. Kaza da kifi suna gasuwa, amma a sa tire a ƙasansu ya tari mai, in ba haka ba kek ɗin da zai biyo baya da ƙarni zai fito. Dogon kek na biki mai tsawon inci 4 kuwa bai iya shi da kyau ba, gara a raba kwaɓin gwangwani biyu a haɗa daga baya. Wadda odarta ta kai tire goma a rana ta wuce wannan obin, ta nemi babba mai murhunsa a jiki.

Tsatsa ce ke kashe shi, ba wuta ba. A bar shi ya huce kafin a goge, ruwa kada ya taɓa gilashin yana da zafi, a shanya shi sarai, a ɗauke shi daga tsakar gida da damina. In gishiri kika zuba maimakon yashi, ki riƙa fitar da farantin bayan kowane gashi, domin gishiri yana jan laima ya ci faifan ƙasa.