Tafiyar Dutsen Afi: wurin ya ci kuɗinsa, mai shirya tafiyar ne matsala

Jama'a, duk wanda ya ga tallan nan da ke yawo a WhatsApp na zuwa kallon birai da tsuntsaye a Kuros Riba cikin tafiya guda, ya dakata ya karanta wannan kafin ya tura ko sisi. Ba zan kama sunan masu shirya tafiyar ba, waɗanda suka biya sun san su, farashin ma kowa ya gani. Abu uku aka sayar mana: gidan renon birai na Drill Ranch kusa da ƙauyen Buanchor, makwancin tsattsewa na Boje, da abin da suka kira damar ganin goggon biri, wato gorila. Duka a ƙaramar hukumar Boki suke, kewaye da Dutsen Afi, tsakanin Ikom da Obudu.

Ɓangaren birai dai sai sam barka, ya wuce yadda na zata nesa ba kusa ba. Ƙungiyar Pandrillus ce ke tafiyar da wurin. Wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, suka fara aikin a Kalaba a 1991 domin ceto birin da ake kira diril, wanda duk duniya ba a samunsa a daji sai a Kuros Riba, da kudu maso yammacin Kamaru, da tsibirin Biyoko na ƙasar Equatorial Guinea. Wanda ya saba da bikan Yankari zai ga bambanci nan take: diril gajeriyar jela gare shi, fuskarsa baƙa wuluk tana ƙyalli, farin gashi ya kewaye ta, babban namiji kuma leɓensa na ƙasa ja ne, ɗuwawunsa shuɗi da ja-ja. Namijin yakan haura kilo 30, ya ninka macen fiye da sau biyu. Ba keji ake saka su ba. Daji ne aka zagaye da waya mai lantarki, kowane garke da nasa yankin da bishiyoyinsa, don haka idan ka zo tsakar rana ba abin da za ka gani sai ganye na motsi. Ka tambayi ma'aikata lokacin ba da abinci ka tsaya a bakin waya kafin a fara. A lokacin ne garken ke fitowa gaba ɗaya, uban garke a gaba, mata da 'ya'ya maƙale a cikinsu, matasa na faɗa kan ayaba da gwanda.

Na farkon waɗannan birai marayu ne da mafarauta suka harbe iyayensu don nama, sauran kuma a nan aka haife su. Masu wurin ba sa sayen dabba daga hannun kowa, domin saye shi ke ƙara tura maharbi daji. Abincin kuma daga manoman ƙauyukan kusa ake sayensa. Wannan tsari ya kwanta mini a rai ƙwarai. Akwai kuma cimfanzi a nasu shingen, su kam a ja baya sosai, suna jifa kuma suna da saiti. Mai mura ko tari kada ya matsa kusa, cutar mutum tana kama su. Kada a taɓa waya, kada a miƙa musu abinci. Da a nan tafiyar ta tsaya da na ce kowa ya biya ido rufe.

To amma tsattsewa, wadda saboda ita yawancinmu muka zaɓi watan sanyi, a nan aka yi mana ba daidai ba, kuma har yanzu abin na cina.

Ga yadda lamarin yake. Tsattsewar nan a Turai take hayayyafa. Idan sanyi ya doso can sai ta keto Sahara, ta ratsa ta sararin ƙasarmu da kaka, ta sauka kudu. Tsuntsuwa ce da nauyinta wajen giram 20 ne kawai. A Ebbaken, gefen Boje, akwai gangaren dutse mai doguwar ciyawa da ta fi mutum tsayi, nan suke taruwa su kwana, miliyoyinsu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Da rana ba sa nan, sun bazu cikin daji da gonaki suna cin ƙwari. Sai dab da faɗuwar rana suke dawowa, kuma duka abin bai fi rabin awa ba. A Disamba da Janairu rana na faɗuwa can tsakanin shida da kwata zuwa shida da rabi, duhu kuma ba ya jira, dajin da duwatsun suna haɗiye hasken da wuri. Ke nan dole mutum ya kasance a tsaye a kan gangaren tun ƙarfe biyar, bayan ya gaisa da mutanen gari, ya biya abin da ake biya, an haɗa shi da ɗan rakiya, ya kuma hau da ƙafa.

Mai shirya tafiyar tamu ya rubuta Boje da Buanchor kamar unguwa biyu ne a gari ɗaya. Alhali dutsen ne a tsakaninsu, mota ba ta ratsa shi, sai an fito an zagaya, kuma rabon hanyar da gyara an daɗe. Ya tashe mu daga Buanchor bayan la'asar. Motar da ya kawo Sienna ce, cikinta a ƙasa, ga mutum cike ga kaya. Kowace gada ta katako sai an sauka an duba, kowane kwazazzabo sai an jera duwatsu, a wani hawa ma sai da aka tura. Muka isa Boje ana haska tocila. Tsuntsaye sun riga sun kwanta, sai ɗan kukansu daga cikin ciyawa. Abin da ya fi ƙona rai shi ne mutumin bai ga laifinsa ba, cewa ya yi ai an zo Boje kamar yadda aka rubuta a takarda. Bai tanadi wurin kwana a can ba, bai sanar da mutanen garin zuwanmu ba, bai ma san cewa kallon yana da lokaci ba. Wanda ya karɓi kuɗin mutane kan tsattsewa bai san da magariba take sauka ba, me ya sayar ke nan?

Daga aljihunmu muka biya kwana da 'yan acaɓa da ɗan rakiya domin mu tsaya zuwa yammacin washegari. Kuma wallahi abin ya isa a tsaya masa. Da farko ɗaiɗaiku ne can sama, har mutum ya fara tunanin ko an zuzuta ne. Kafin ka ankara sama ta cika ta ko'ina, suna juyawa rukuni-rukuni kamar hayaƙin ƙunar daji, shaho na kutsawa tsakiyarsu yana neman na baki. Can sai su fara zubowa cikin ciyawa da gudu, ƙarar fukafukai ta rufe maganar na kusa da kai. Mutanen yankin a da suna kama su da dare don ci, masu bincike kuma sun sha samun tsuntsaye da zoben da aka saka musu a ƙafa a ƙasashen Turai. Madubin hangen nesa yana da amfani a minti goman farko kawai, bayan nan ido ya fi. Kyamarar waya ba ta ɗaukar komai sai ɗigo-ɗigo, gara a ajiye ta. Lokacin ya haɗu da sallar magariba daidai, don haka a hau da alwala, da ruwa a gora, da abin shimfiɗa, a kuma riƙe tocila mai kyau saboda saukowa cikin duhu ake yi kuma ƙasar na da santsi.

A wannan daren na ce a raina na yafe masa. Da na sake duba takardar tallan na ga maganar goggon biri, sai ran ya sake ɓaci, domin wannan ba kuskuren lissafin hanya ba ne. Goggon birin Kuros Riba bai fi kimanin 300 ya rage a duniya ba, a warwatse kan duwatsun iyakar Najeriya da Kamaru. An ayyana Dutsen Afi a matsayin mafakar namun daji a 2000 musamman don kare kaɗan da ke cikinsa. Ba a saba musu da mutane ba kamar na Ruwanda da Yuganda, kuma shekaru na farauta sun koya musu gudun ɗan Adam. Masu gadin dajin da ke kwana a kan dutsen ma yawanci sheƙar kwanansu da kashinsu suke gani, sai hoton kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya. Duk wanda ya ƙara maka kuɗi da sunan zai nuna maka shi, ya san ba zai nuna ba. Mu ko ƙafar dutsen ba a kai mu da wannan niyya ba, kuma ba a mayar da ko kwabo ba.

Saboda haka ba na ba kowa shawarar bin wannan kamfani, ko da sun rage kuɗin. Wurin kuwa a je. Daga Arewa a biyo ta Makurɗi da Gboko zuwa Obudu, a kwana, a kama hanyar Ikom da sassafe. A nemi mota mai tsayi irin Hilux, ko a ajiye ƙaramar mota a bakin titi a hau acaɓa. A tuntuɓi Drill Ranch kai tsaye tun kafin a taso domin ɗakunan kwanansu na katako kaɗan ne. Abinci kai za ka zo da kayanka ka dafa, don haka a yi cefane a Obudu ko Ikom, wanda ke son nama ya taho da kilishinsa ko ya sayi kaza ya yanka da kansa. A riƙe tsabar kuɗi, sabis ɗin waya yana ɗaukewa, ba a dogara da tiransifa. Riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe dole ne saboda ƙananan ƙudaje masu cizo da tururuwa. Da damina kada a gwada, ruwan yankin ba irin namu ba ne, a 2012 har zaftarewar ƙasa aka yi a Buanchor, kuma tsattsewar ma ba ta nan. Boje a ware mata yini guda nata, a bar Buanchor kafin azahar.