Feldenkrais ko Alexander, wanne ya fi wa mai yawan zama?

Ƴar uwa kin ce kina wuni a kan keken ɗinki, kafaɗa da ƙugu sun hana ki sakat, kin kuma ga darussan motsa jiki iri biyu da ake yi a kan kujera, Feldenkrais da Alexander, wanne za ki kama. Ni dai a halin da kike ciki Feldenkrais zan ce miki, amma bari ki ji dalili.

Shi Alexander da ya ƙirƙiro hanyar ɗan wasan kwaikwayo ne mutumin Ostireliya, muryarsa ce ke dishewa in ya hau dandamali, da ya riƙa kallon kansa a madubi sai ya gano ashe yana ƙanƙame wuya yana jan kai baya duk sanda zai buɗe baki. A darasinsa malami zai ɗora hannu a wuyanki da bayanki ki tashi daga kujera ki zauna ki sake tashi, har ki koyi dakatawa kafin tsohuwar ɗabi'ar ta riga ki. Gaskiya wajen hujja shi ne a gaba, an yi bincike a Ingila da mutum 579 masu ciwon baya da ya daɗe, aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a 2008, waɗanda suka yi darasi 24 kwanakin ciwonsu sun ragu sosai. Matsalar sai da malami a gabanki, yawancinsu kuma a Turai da Amurka suke, sannan ba kowace mace ce za ta yarda namiji ya riƙe mata wuya ba.

Moshe Feldenkrais kuwa masanin kimiyya ne kuma gwanin judo, ciwon gwiwa ne ya sa shi ƙirƙiro tasa hanyar, ya rasu 1984. Darasinsa na rukuni da baki ake bayarwa, shi ya sa ko a waya kika saurara ya wadatar. Misali ki zauna a bakin kujera mai tauri, tafin ƙafa a ƙasa, ki ɗan mirgina ƙugunki gaba bayanki ya lanƙwasa, ki mayar baya ya saki, a hankali ƙwarai, kina lura ina kanki yake zuwa, numfashin ya tsaya ko yana tafiya, ɓangaren dama ne ya fi danne kujerar ko na hagu. Ki huta ki sake. Ba a so ki yi har ki ji zafi, ba a cewa miƙe zaman nan da ƙarfin tsiya, kuma wallahi nan ne ya burge ni, don mai taka keke da ƙafa ɗaya shekara da shekaru ba ta ma sanin ta karkace sai ta tsaya ta ji da kanta. Binciken da aka yi a kansa dai ƙanana ne, bai kai na Alexander ƙarfi ba, kar wani ya ce miki magani ne.

Don Allah in ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana sagewa ko tana rasa ƙarfi, ki fara zuwa asibiti a duba ki kafin ki taɓa ko ɗaya. Ki kuma duba tsayin kujerar, in sai kin duƙa sosai kike ganin allura a ɗaga teburin ko a ƙaro haske.